Matsalar Alama: Dalilin da Ya Sa Maganin Ƙwayoyin Garkuwa Ya Yi Nasara a Sankarar Jini, Ya Ci Tura a Daskararren Ƙari

Tsakure

Wannan maƙala ta duba gwaje-gwajen da ake yi na magance daskararren ƙari, wato sankarar da ke tsirowa dunƙule a cikin gaɓoɓi irin su hanta, huhu, hanji, mama da ƙwaƙwalwa, ta hanyar amfani da ƙwayoyin garkuwar jikin majinyaci da kansa. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, babban abin da ya hana wannan magani maimaita nasarar da ya samu a sankarar jini shi ne ƙarancin alamar da ta keɓanta da ƙari shi kaɗai. An auna wannan hujja da sakamakon gwaje-gwajen da aka wallafa daga 1988 zuwa 2025, an kuma amsa sukar da za a iya yi mata.

Gabatarwa

Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum kusan miliyan 20 ne suka kamu da sankara, miliyan 9.7 kuma suka rasu sanadiyyarta. Kusan tara cikin goma na sankarar manya daskararren ƙari ne. Idan aka gano shi da wuri, tiyata da gashi da kimoterafi sukan yi maganinsa. Idan ya riga ya bazu, yawanci sai dai a ja wa majinyaci kwana. A wannan gurbi ne aka ɗora fata kan ƙwayoyin T, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne gane ƙwayar jiki da ta lalace su kashe ta.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko, wadda ake kira TIL, ita ce a yanko wani ɓangare na ƙarin, a tsamo ƙwayoyin T da suka riga suka kutsa cikinsa, a rene su a ɗakin gwaji har su kai biliyoyi, a ba majinyaci kimoterafi mai ƙarfi don a share musu fili, sannan a mayar masa da su ta jijiya. Steven Rosenberg na Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke Bethesda a Amurka ne ya fara wallafa sakamakon wannan hanya a 1988, a kan sankarar fata mai suna melanoma. Ta biyu ita ce CAR-T, wadda Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya aza harsashinta a 1989: a ɗebi ƙwayoyin T daga jini, a saka musu ƙwayar gado ta wani maɗauki na ƙirƙira da zai riƙa gane wani furotin da ke saman fatar ƙwayar sankara. Ta uku, TCR-T, ta yi kama da ta biyu, sai dai maɗaukinta yana gane gutsattsarin furotin na cikin ƙwaya, waɗanda jiki ke bajewa a waje bisa wani faranti da ake kira HLA. Duk ukun abu ɗaya suke bukata, wato alamar da za su bi.

Sa'ar da aka yi a sankarar jini

Labarin Emily Whitehead, yarinyar da aka yi wa maganin CAR-T a asibitin yara na Filadelfiya a 2012 bayan sankarar jini ta ƙi jin kowane magani, ya zaga duniya. A watan Agusta na 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin CAR-T mai suna Kymriah, bayan gwajin da ya nuna cutar ta lafa a fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara da matasan da aka yi wa cikin wata uku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan magani bai taɓa bambance ƙwayar sankara da lafiyayya ba. Alamar da yake bi, CD19, tana saman duk ƙwayoyin B (wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini), masu cuta da marasa cuta, kuma yana kashe su gaba ɗaya. Abin da ya ceci lamarin shi ne ɗan Adam yana iya rayuwa ba tare da ƙwayoyin B ba, matuƙar ana yi masa ƙarin sinadaran garkuwar da suke samarwa lokaci zuwa lokaci. Nasarar ta tsaya ne kan wata sa'a ta halitta: an sami gaɓar da za a iya sadaukar da ita.

Babu wanda zai rayu ba huhu, ba hanta, ba zuciya. Daskararren ƙari kuwa daga ƙwayoyin waɗannan gaɓoɓi yake fitowa, don haka kusan duk furotin da ke samansa akwai shi a wani wuri a cikin lafiyayyen jiki, ko da kaɗan ne. Ƙwayar T da aka yi wa gyara tamkar karen farauta ce da aka shinshina masa ƙanshi: ba ruwansa da ko naman daji ne ko akuyar gida, duk inda ya ji ƙanshin zai cafka. Tarihin fannin ya tabbatar da haka da rayukan mutane. A Rotadam ta ƙasar Holan, gwajin da aka wallafa a 2006 kan sankarar ƙoda ya jawo wa majinyata lahani a hanta, saboda alamar da aka bi tana cikin hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi. A 2010 Rosenberg da abokan aikinsa suka ba da rahoton wata mata mai shekara 39 da ke fama da sankarar babban hanji, wadda aka ba ƙwayoyin CAR-T masu bin alamar HER2. Cikin minti goma sha biyar numfashinta ya fara sarƙewa, bayan kwana biyar ta rasu, kuma masu binciken sun danganta hakan da ɗan HER2 da ke cikin lafiyayyen huhu. A 2013 an ba da rahoton mutum biyu da zuciyarsu ta tsaya bayan an ba su ƙwayoyin TCR-T da aka ƙara wa ƙarfi don bin MAGE-A3, daga baya aka gano maɗaukin ya ɗauki titin, wani furotin na tsokar zuciya, a matsayin abin farautarsa. A cikin waɗannan misalai babu inda ƙwayoyin T suka nuna rauni. Sun yi aikin da aka sa su, a wurin da ba a nufa ba.

Inda aka ci gaba, da dalilin ci gaban

Idan wannan hujja gaskiya ce, ya kamata a ga nasara ta fi yawa inda ƙari ya fi zama baƙo ga jiki. Haka kuwa abin yake. Melanomar Turawa, wadda hasken rana ke haddasawa, tana cikin sankarorin da suka fi kowace yawan sauye-sauyen ƙwayoyin gado, kuma kowane sauyi yana iya haifar da furotin da garkuwar jiki ba ta taɓa gani ba. A Disamba 2022 masu bincike na Cibiyar Sankara ta Holan da takwarorinsu na Denmak suka wallafa gwajin mutum 168 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Ƙari ya ragu a kashi 49 cikin ɗari na waɗanda aka ba TIL, da kashi 21 na waɗanda aka ba maganin ipilimumab. Ya ɓace gaba ɗaya a kashi 20 na rukunin farko, da kashi 7 na na biyu. Matsakaicin lokacin da cutar ta ɗauka kafin ta ci gaba wata 7.2 ne a rukunin TIL, wata 3.1 a ɗaya rukunin. A Fabrairu 2024 Amurka ta amince da Amtagvi, maganin TIL na farko da ya shiga kasuwa, shekara 36 bayan rahoton Rosenberg na farko. Wata shida bayan haka aka amince da Tecelra, maganin TCR-T, don wata sankarar tsoka da gaɓɓai da ba a cika samu ba, bisa gwajin da ƙari ya ragu a kashi 43 cikin ɗari na mutum 44. Alamar da Tecelra ke bi, MAGE-A4, a jikin baligi kusan ba a samunta sai a ƙwayoyin maniyyi na cikin maraina, su kuwa ba sa baje farantin HLA, don haka ƙwayar T ba ta ganin su.

Misalai mafi ƙarfi sun fito ne daga majinyata ɗaiɗaiku. A 2016 Eric Tran da Rosenberg suka ba da rahoton wata mata mai sankarar babban hanji da ta bazu zuwa huhu a wurare bakwai. An ba ta ƙwayoyin T masu gane wani sauyi guda a ƙwayar gado ta KRAS, sauyin da babu shi a lafiyayyar ƙwaya ko ɗaya, kuma duka bakwai ɗin suka ja baya. Bayan wata tara ɗaya ya sake girma, da aka ciro shi aka duba sai aka tarar ya zubar da farantin HLA da ke baje alamar. Wannan rahoto guda ya ƙunshi ɓangarori biyu na matsalar. Alamar da ta keɓanta da ƙari tana ba da damar kai hari mai ƙarfi ba tare da lahani ga jiki ba, amma ƙari tarin ƙwayoyi ne mabambanta, kuma wadda ta rasa alamar ita ce za ta tsira ta hayayyafa. An ga irin haka a Jami'ar Fensilbeniya a 2017, inda aka yi wa mutum goma masu sankarar ƙwaƙwalwa ta giliyobilastoma maganin CAR-T: a biyar daga cikin bakwai da aka yi wa tiyata daga baya, alamar ta ragu ko ta ɓace, ƙarin kuwa yana nan. A Maris 2024 likitocin babban asibitin Masacuset da ke Boston suka gwada ƙwayoyi masu bin alama biyu a mutum uku masu wannan cuta. Ƙarin ya ja baya cikin 'yan kwanaki, abin da ya cika jaridu, amma a biyu daga cikinsu ya dawo cikin 'yan watanni.

Sukar da za a iya yi

Suka ta farko, kuma ita ce mafi nauyi, ita ce an rage wa muhallin ƙari daraja. Daskararren ƙari yana gina wa kansa katanga ta zaruruwa masu tauri, jijiyoyin jininsa a karkace suke, iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikinsa, yana kuma fitar da sinadarai irin su TGF-beta da ke kashe wa ƙwayoyin T jiki. Masu wannan ra'ayi na cewa ko da an sami alama mai kyau, ƙwayoyin ba za su shiga ba, in sun shiga kuma za su gaji. Duk wannan gaskiya ne, kuma sankarar fankiriyas ta isa shaida. Amma abubuwa biyu sun hana a ɗora shi gaba da matsalar alama. Na ɗaya, ƙwayoyin TIL da aka ba majinyatan Holan ba a yi musu wani gyaran ƙwayoyin gado ba, melanoma kuma tana da nata muhallin mai danne garkuwa, duk da haka suka share ƙari a mutum ɗaya cikin biyar. Ko a fankiriyas ɗin, rahoton 2022 daga Fotlan ta jihar Oregon ya nuna ƙarin da ya bazu zuwa huhun wata mata ya ragu da kashi 72 cikin ɗari bayan an ba ta ƙwayoyi masu bin sauyin KRAS. Na biyu, ƙara wa ƙwaya ƙarfi yana da iyaka. A gwajin Fensilbeniya na 2022 kan sankarar mafitsara ta maza, an toshe wa ƙwayoyin CAR-T kunne daga TGF-beta. Mutumin da ya fi kowa samun raguwar cutar, wanda ma'aunin PSA ɗinsa, wato gwajin jinin da ake bibiyar cutar da shi, ya faɗi da fiye da kashi 98 cikin ɗari, shi ne ya rasu sakamakon tunzurin garkuwar jiki haɗe da ƙwayar cuta da ta shiga jininsa. Sulken da ake yi wa ƙwaya zai yi amfani ne gwargwadon amincin alamar da take bi, domin alama mai aminci ce ke ba likita sararin ƙara yawa da ƙarfi.

Suka ta biyu ita ce akwai gwaje-gwajen CAR-T da suka bi alamar da lafiyayyen jiki ma ke da ita, suka kuma yi tasiri. A asibitin yara na Bambino Gesù da ke Roma, an ba yara 27 masu sankarar jijiya ta niyurobilastoma ƙwayoyi masu bin GD2, kuma rahoton 2023 ya nuna 17 sun amsa, tara daga ciki ƙarin ya ɓace. A ƙasar Sin, gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2025 ya bi kilodin 18.2 a sankarar tumbi. Idan aka lura da kyau, waɗannan misalai suna ƙarfafa hujjar ne. GD2 yana da yawa ƙwarai a ƙarin, kaɗan ne a lafiyayyun jijiyoyi, tazarar ce ta ba da fili. Kilodin 18.2 kuma yana cikin shimfiɗar tumbi ne, wadda ke sabunta kanta, wato ita ce mafi kusa da gaɓar da za a iya sadaukarwa. Sannan ya kamata a karanta alƙaluman Sin ɗin da idon basira. Shi ne gwajin CAR-T na farko a daskararren ƙari da aka raba majinyata ta ƙuri'a, mutum 156, kuma matsakaicin lokacin da cutar ta tsaya wata 3.25 ne, a kan wata 1.77 na waɗanda suka sha maganin da aka saba. Bambancin bai wuce mako shida da 'yan kwanaki ba. Ci gaba ne na gaske ga mutanen da magani ya ƙare musu, amma tsakaninsa da abin da aka gani a sankarar jini akwai tafiya mai nisa.

Suka ta uku ta ɗabi'a ce. Ana cewa wanda ke bakin mutuwa ba zai jira gwajin ƙuri'a na shekaru ba, don haka raguwar ƙari a mutum talatin ko arba'in ta isa a buɗe ƙofa. Tausayin da ke cikin wannan magana a fili yake, sai dai fannin sankara ya taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1990 an yi wa mata fiye da 30,000 a Amurka kimoterafi mai tsananin ƙarfi haɗe da dashen ɓargo don sankarar mama, bisa ƙananan gwaje-gwajen da suka nuna ƙari na raguwa. Da manyan gwaje-gwajen ƙuri'a suka fito a 1999 da 2000, sai aka ga maganin bai ƙara tsawon rai ba, gwaji ɗaya daga Afirka ta Kudu da ya nuna amfani kuma aka gano an yi maguɗi a alƙalumansa. Dalilin ruɗin yana nan har yau. Wanda zai iya jure yankan ƙari, jiran makonni ana renon ƙwayoyi, da kimoterafin share fili, dama ya fi sauran majinyata ƙarfi, kuma zai fi su daɗewa ko da maganin bai yi kome ba. Amtagvi da Tecelra duk sun sami amincewar gaggawa ne bisa gwajin da babu rukunin kwatance, kuma matsakaicin lokacin da amfanin Tecelra ya ɗore wata shida ne. Gwajin Holan da Denmak, wanda asibitocin koyarwa suka yi da ƙwayoyin da suka rena da kansu, ya nuna cewa gwajin ƙuri'a mai yiwuwa ne a wannan fanni.

Abin da ya shafe mu a Afirka ta Yamma

Da farashi akan fara, kuma yana da ban tsoro: dala 475,000 aka sa wa Kymriah, 515,000 ga Amtagvi, 727,000 ga Tecelra, ban da kuɗin kwanciya da ɗakin kulawa ta musamman. Amma farashi abu ne mai saukowa. Indiya ta amince da nata CAR-T na sankarar jini, NexCAR19, a Oktoba 2023, wanda cibiyar fasaha ta Bombai da asibitin Tata suka haɗa, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Abin da kuɗi ba zai gyara ba shi ne idan alamar da aka gina maganin a kanta ba tamu ba ce. Yawancin magungunan TCR-T an ƙera su ne don nau'in HLA-A*02:01, wanda ya yawaita a Turawa kuma ya fi ƙaranci a mutanen Afirka ta Yamma. Melanomar da likitocinmu ke gani kuwa yawanci a tafin ƙafa take fitowa, ba rana ce ke kawo ta ba, sauye-sauyen ƙwayoyin gadonta ba su da yawa, don haka ba daidai ba ne a ɗauki alƙaluman Holan a ɗora mata kai tsaye.

Ta wani ɓangaren kuma, hujjar wannan maƙala tana nuni da cewa sankarorin da suka fi damun yankinmu na cikin waɗanda suka fi dacewa da wannan magani. Sankarar bakin mahaifa, wadda ta kashe mata kusan 350,000 a duniya a 2022 kuma ta fi tsanani a Afirka kudu da Sahara, bairos ɗin HPV ke kawo ta, kuma ƙwayar sankarar ba ta iya rayuwa sai da furotin biyu na bairos ɗin, E6 da E7. Ga alama da babu ita a lafiyayyen jiki, wadda kuma ƙari ba zai zubar da ita cikin sauƙi ba. Christian Hinrichs da abokan aikinsa a Bethesda sun ba da rahoto a 2015 cewa cikin mata tara da cutar ta bazu a jikinsu, biyu ta ɓace musu gaba ɗaya bayan TIL, a 2021 kuma ƙwayoyi masu bin E7 sun rage ƙari a shida cikin mutum goma sha biyu. Su ma ƙananan gwaje-gwaje ne, kuma sharaɗin da aka gindaya wa saura ya hau kansu. Haka nan babu mai hankalin da zai fifita wannan a kan rigakafin HPV da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoba 2023, ko a kan gwajin gano cutar da wuri, domin su ne za su ceci mafi yawan rayuka a shekaru ashirin masu zuwa.

Akwai dai aikin da ya rataya a kan asibitocin koyarwarmu tun yanzu, wanda bai bukatar masana'antar renon ƙwayoyi: tantance nau'o'in HLA da suka yawaita a al'ummominmu, da nau'o'in HPV da ke cikin ƙarin matanmu, da adana samfuran ƙari bisa yardar majinyata da amincewar kwamitin ɗa'a, sannan a wallafa. Masu ƙera maɗaukai suna zaɓen alama ne daga bayanan da ke gabansu, kuma al'ummar da ba ta cikin bayanan ba za ta shiga lissafi ba. Ina kuma kira ga likitocin da iyalai ke tuntuɓa kafin su sayar da gida ko gona don kai majinyaci waje neman wannan magani, da su nemi a faɗa musu alamar da ƙwayoyin ke bi, da ko an tabbatar tana cikin ƙarin majinyacin, da kuma lambar rajistar gwajin. Cibiyar da ta kasa ba da waɗannan amsoshi a rubuce, kada a tura mata kowa.